Kakana da Doguwar Cikin Kwalba

Daga Allah muke, gare shi kuma za mu koma, sai dai Tsoho ya riga mu, yadda ya saba riga kowa isa bakin akushi. Kakana ne, mahaifin uwata. Ya rasu bayan an gama yankan hatsi, a garinmu da ke kan hanyar Gesheme, ya bar mata ɗaya da 'ya'ya da jikoki masu yawan da ba a ƙirgawa saboda tsoron baki. Ina rumfata ta kayan miya a Dogon Dutsi aka kira ni a waya. Na bar albasa a shanye, na hau mota, na yi kukana tun daga tasha har na gaji, don na san in na isa gida ba za a bar ni in yi shi da daɗi ba.

Haka kuwa aka yi. Ban taɓa ganin zaman makoki marar kunya irin wannan ba. Mutum zai shigo da fuska a murtuke, ya durƙusa ya ce ya haƙuri, a shafa fatiha, sai ya tuna wata baƙar magana da Tsoho ya taɓa yaɓa masa, sai ka ga kafaɗunsa suna rawa yana toshe baki da hannun riga. Wani tsohon Bafillace, abokin wasansa na shekara da shekaru, ya zo da ƙwaryar nono ya tsaya a ƙofar gida. Ya ce shi ba gaisuwa ta kawo shi ba, ya zo ne ya tabbatar, don Ba'are irin Tsoho ba abin yarda ba ne, yana iya mutuwar ƙarya don a kawo masa nono kyauta. Yana faɗa ana dariya, hawaye kuwa na bin gemunsa yana sharewa da bakin rawani.

A cikin gida, wata tsohuwa mai girkar bori ta unguwar gabas ta zauna kusa da Kaka, matar marigayin, ta nisa ta ce to, yau dai aljana Doguwa ta sake shi. A waje kuma ga Kawu, ƙanin uwata, ɗan kasuwa a Dutsi, mai gemu da wando iya ƙwauri, ya zo da abokansa mota guda. Mutanen kirki ne, kada in ci haƙƙinsu, su suka yi wanka da sutura, su suka kawo shinkafar da aka ci. Amma duk sanda sunan Doguwa ya tsallako danga, sai ka ji a'uzubillahi ta tashi daga tabarmarsu gaba ɗaya, mata kuma su ƙara ɗaga murya da gayya.

Mutum ɗaya na lura bai yi dariya ba, bai yi kuka ba. Ƙanina ne, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda aka sa wa sunan Tsoho, shi ya sa kowa ke ce masa Mai Suna. Magidanci ne mai 'ya'ya biyu, ɗan kabu-kabu. Ya jingina motonsa, wato babur ɗinsa, a jikin rumbu ya zauna can gefe, idanu jajur, yana tauna kanumfari. Ni mai sayar da kanumfari ce, na san warin da ake binnewa da shi. Rabin wannan rubutu don Tsoho nake yinsa, rabi don idanun wannan ƙanin nawa.

Tun da na buɗe ido na ga Tsoho makaho. Aikinsa tufkar igiya a gindin bedi, wato itacen dogon yaro, da ke ƙofar gida, kuma duk jakin da ke jan amalanke daga garinmu zuwa Tibiri ya san ɗanɗanon igiyarsa. Bai taɓa yarda a tausaya masa ba. In baƙo ya ce wayyo, sai ya ce wa baƙon ya ajiye wayyonsa, shi ya huta da ganin munana, su masu ido su ci gaba da haƙuri. Ni kuwa matarsa yake ce mini, irin wasan kaka da jika, yana gaya wa kowa cewa duk Arewa ba kyakkyawa kamata. In aka tambaye shi ta ina ya sani, sai ya ce ai shi ya sa auren ya daɗe.

Hancinsa ya fi idon mutum goma. Kafin ka yi sallama ya san kai ne, ya san abin da ka ci, ya san gidan da ka biya. Kawu in ya sauka daga mota, tun daga nesa Tsoho zai ce yana jin ƙamshin sabon turare da tsohuwar rowa. Muna yara mukan lallaɓa mu juya masa buzun sallah ya fuskanci yamma. Sai ya hau, ya ɗaga fuska ya ji gefen da rana ke dukansa, ya gyara abinsa ba tare da ya yi faɗa ba. In ya sallame sai ya ce Allah ya san shi gabas ya nufa, mu ma kuma ya san inda muka nufa.

Akwai alherinsa da ba zan manta ba. Lokacin da aurena na fari ya mutu, na dawo gida ina jin kamar kowa ni yake kallo, har fita rijiya ta gagare ni. Tsoho bai yi mini nasiha ko ɗaya ba. Ya sa aka shimfiɗa mini tabarma kusa da shi, ya miƙo mini kaba ya ce in jiƙa. Duk matar da ta biyo da niyyar jin gulma, sai ya riga ta da cewa ta yi masa barka, ya ƙwato matarsa daga hannun ɓarawo. Da dariya ya kashe maganar a garin. Da zan tafi Dutsi neman sana'a, igiyoyinsa ya ba ni ɗauri guda, su na fara sayarwa.

Yadda ya makance kuwa, duk wanda aka haifa a gidanmu ya haddace labarin kafin ya haddace Fatiha. Kaka ce mai ba da shi. Wai wata rana yana dawowa daga kasuwa da rana tsaka, ya ratse gindin tsamiyar bakin tabki ya yi fitsari ba tare da neman gafara ba, ashe Doguwa tana wurin tana shayar da ɗanta. Ta ɗebi ƙasa ta watsa masa a ido. An yi girka, an yanka baƙar akuya, Doguwa ta ci akuya ta riƙe idanu. Labarin kuma ba ya tsayawa wuri ɗaya. Ina ƙarama ƙasa ce aka watsa, da na yi wayo ya zama mari, kafin in yi aure Doguwa har ta bi shi da gudu zuwa bakin gari. Tsoho yakan saurara yana tufkarsa, in ta gama ya ce shi da abin ya samu bai ga rabin abin da tsohuwar nan ta gani ba.

Kawu bai yarda da Doguwa ba, shi ya sa da ya yi kuɗi ya ɗauki uban zuwa wurin likitan ido a Dutsi, Kaka na biye. Ni na raka su. Likitan ya haska ya sake haskawa, ya ce babu yanar ido, ƙwayar lafiya lau, amma jijiyar da ke kai gani ta bushe tuntuni, kuma ya fi ganin irin wannan ga wanda ya taɓa shan wani abu mai guba. Ya tambayi Tsoho ko ya tuna abin da ya sha kafin abin ya same shi. Kaka ta kama tari. Tsoho ya ce hura ya sha. Likita ya ce bayan fura fa? Tsoho ya ce wata hurar. Muka dawo gida Kawu na cewa likitocin yanzu ba su san aiki ba, Kaka na cewa ai ta faɗa, Doguwa ba ta fitowa a tocila.

To, ga abin da ya ɓata mana rai a 'yan shekarun nan. Mai Suna yana ɗaukar fasinja zuwa kasuwannin bakin iyaka, a can ya koyi shan gogoro. Ga wanda bai sani ba, barasa ce da ake dafawa a ɓoye cikin daji, a cikin tano, wato gangar ƙarfe, a tatso tururinta ta tiyo, ta fito fara tas kamar ruwan randa, a ɗura a tsofaffin robobin ruwa. Ya ce maganin sanyi ne da basir. Matarsa ta same ni a rumfa tana kuka, ta ce da safe sai ya yi amai kafin ya iya shan koko, hannunsa na rawa, farin idonsa ya soma komawa rawaya. Ta ce akwai ranar da ya dawo ya ce hanya duk hayaƙi, alhali an yi ruwa garin ya wanke tas. Na yi masa faɗa, uwarmu ta yi kuka, Kawu ya jawo masa aya. Kaka kaɗai ke kare shi, don duk cikin jikoki shi ne ɗan gabanta. Takan ce kamannin ƙaninta ne sak, wani autansu da ya mutu da ƙuruciya, wanda ba ta taɓa yarda a daɗe ana zancensa ba.

Ranar wata Babbar Sallah aka yi rigimar da har yanzu ake labari. Muna tsakar gida ana rabon nama, Mai Suna ya shigo ya durƙusa zai gai da Tsoho. Tsoho ya ɗaga hanci ya ce wa ya shigo masa da tano cikin gida. Kafin a ce wani abu ya kai duka da sanda, Mai Suna ya goce, sanda ta sauka a ƙwaurin Kawu, wanda bai ci ba bai sha ba. Kawu ya riƙe ƙafa yana salati. Tsoho da ya gane wanda ya samu bai ba da haƙuri ba, ya ce da wandon ya kai ƙasa da an samu sauƙi. Muka yi dariya har da masu faɗuwa.

Dariyar ba ta daɗe ba. Kowa ya san Tsoho ya sha burkutu a ƙuruciyarsa kamar yawancin sa'o'insa, kafin ya tuba. Da wannan Mai Suna ya kama shi.

"Kai ma ka sha naka, Tsoho, ga ka nan ka binne sa'o'inka duka. Ba don Doguwa ba, da har yau kana zura zare a allura."

Tsoho ya buɗe baki. Na ga ya juya fuska wajen murhu, inda Kaka ke juya nama. Ta buga ludayi a bakin tukunya da ƙarfi, sau ɗaya. Ya rufe bakinsa, ya laluba ya ɗauki igiyarsa. Ban taɓa ganin an kayar da shi a magana ba sai ranar, kuma abin ya tsaya mini a rai.

Da ciwon ajali ya kama shi na zo jinya. Wata hantsi Kaka ta tafi barkar haihuwa, ya sa na fito da shi gindin bedi, ya tambaya ko akwai kowa kusa. Na ce daga ni sai kaji. Ya ce kajin ma in kore su, na Kaka ne. Sannan ya gaya mini abin da ya faru, muryarsa ba wasa a ciki.

Ya ce wata shekara wake ya yi kyau, suka kai kasuwar bakin iyaka shi da wani, suka sayar. Aka ce musu akwai wani mai tano a bayan gari, abinsa ya fi burkutu nesa ba kusa ba, burkutu na mata ne. Suka je. Mai tanon ya zuba kaɗan a faranti ya ƙyasta alimeti, wuta ta kama shuɗiya, ya ce wannan ita ce shaidar mai kyau. Tsoho ya ce sai daga baya majo, wato babban malamin asibitin lokacin, ya gaya masa a asirce cewa guba ma shuɗiya take kamawa. Mutumin yana ƙara irin alkol ɗin da kafintoci ke aiki da shi don abin ya yi yawa ya yi ƙarfi, kuma ko ba a ƙara komai ba, abin da ya fito daga tano mai tsatsa da tiyon tsohuwar mota, shi kansa mai dafawar bai san me ya dafa ba. Ranar da suka sha ba abin da suka ji sai daɗi, har waƙa suka yi a hanya. Washegari kai ya ɗauka, ga amai, ga ciki kamar ana yanka. Daga nan duniya ta koma hayaƙi, hayaƙin ya yi ta duhu har ya rufe. Ɗayan bai tashi ba. Na tambaye shi wane ne ɗayan, ya ce wannan ba nasa ba ne da zai faɗa.

Ya ce Kaka ce ta haifi Doguwar tsamiya da bakinta, ta sa shi ya rantse ba zai gaya wa mutum gaskiya ba muddin yana numfashi. Ita ta yi masa jagora, ita ta noma gonarsa shekarun farko, ba ta taɓa yi masa gori ba, don haka bai ga yadda zai kunyata ta ba. Na ce to ga shi ya karya rantsuwa, ya gaya mini.

"Mutum anka ce. Jika ba mutum ba ta."

Na ce na gode. Ya ce in bar godiya, aiki zai ba ni. Yaron nan ya ce hanya hayaƙi, shi kuwa ya san hayaƙin nan, ya san abin da ke bayansa.

"Ranar bakwai ke za ki sa rigata. Abin da mai riga ya hwaɗi, ni na hwaɗi. Alkawalina na mai rai na, matacce ba shi da alkawali."

Na ce Kaka za ta kashe ni. Ya ce ba a hushi da jika ranar wasa, in kuma ta kashe ni, in taho, zai matsa mini wuri.

A wajenmu, in tsoho ya mutu ya bar jikoki, ranar sadakar bakwai jikoki sukan yi masa wasa. Ɗaya ya sa rigarsa da hularsa, ya kwaikwayi tafiyarsa da maganarsa, a bi gida ana tsokanar kowa, kuma duk abin da mai riga ya faɗa ba a riƙe shi da shi. Kwanakin makokin nan ban ci abincin kirki ba. Ina son Kaka, ita ta yaye ni. In tona ta a gaban jama'a tana cikin takaba, abin ya yi mini nauyi ƙwarai. Amma duk sanda na ce na fasa, sai in hangi Mai Suna a jikin rumbu yana murza ido. Tsoro nake ji, tsoron in wayi gari in ga 'yarsa tana jan shi da sanda.

Kawu ya kusa sauke mini nauyin. Ya tara mu ya ce shi bakwai ɗin ma haƙuri ya yi da ita, amma wasan jikoki bidi'a ne, ba za a yi shi a gidan ubansa ba. Wallahi har na ji sanyi. Sai ga saƙo daga ɗakin Kaka, wai a gaya masa ita ta haife shi, kuma ranar ba ta tambayi kowa ko shi bidi'a ne ba. An yi wa uban Tsoho, za a yi wa Tsoho. Ta kira ni ciki, ta buɗe adaka, ta miƙo mini rigar da hannunta, ta ce ni ce matarsa, ni na fi iya bakinsa. Na karɓa ban iya kallon fuskarta ba.

Bayan an yi addu'a an raba sadaka, na fito. Riga har ƙasa, hula ta rufe kunnuwa, gemun auduga an manna mini da ƙaro, sanda a hannu, idanu a rufe. Na ce ina ɗan jagorana, a kamo mini Mai Suna. Sauran jikoki suka jawo shi yana turjewa, suka damƙa masa bakin sanda. Muka zaga. Na shinshini matan kawunnai na faɗi abin da kowace ta ci a ɓoye. Na ce wa Bafillacen nan nonon da ya kawo rabi ruwa ne, na ɗanɗana daga can. Maza suka baro tabarma suka cika zaure da bakin danga. Kawu yana tsaye ya haɗe rai, na laluba na ɗan taɓa ƙwaurinsa da sanda na ce har yanzu ba a ƙara wa wandon ba? Abokansa ne suka fara tuntsirewa, shi ma ya juya baya kafaɗunsa na motsi.

Na ja Mai Suna har ƙofar ɗakin Kaka. Na tsaya, na ɗaga hanci, na ce wa ya shigo mini da tano cikin gida. Aka sake fashewa da dariya. Na ji sanda ta yi sako-sako, zai saki ya gudu, na kai hannu na damƙe wuyan hannunsa. Na ci gaba da muryar Tsoho.

"Ku bar dariya ku saurara. Yau ni matacce na, ba mai buga mini ludayi. Doguwa ba ta taɓa ni ba. Baiwar Allah, shekara da shekaru muna yi mata ƙazahi. Gogoro nis sha, kohi biyu, wadda anka gwada mini da wuta anka ce mai kyau ta. Mu biyu munka sha, ni na bar idanu, ɗayan ya bar rai. Mai Suna, hayaƙin da kag gani bisa hanya, ni ma da shi nis soma. Ka ɗauki sunana, na yarda. Kada ka ɗauki makantata."

Ban buɗe ido ba, don ban da ƙarfin hali. Sai muryar Kaka ta fito daga cikin ɗaki.

"Ƙarya shikai."

Na ce shi ke nan, na kunyata kaina, na kunyata mamaci, yaro kuma ya samu hujja har abada.

"Ba kohi biyu ba. Kwalba guda yas shanye, makwaɗaicin banza. Ko a lahira sai ya rage."

Wani ya yi dariya ya haɗiye ta. Na buɗe ido na gan ta a bakin ƙofa cikin zanen takaba, ta dafa bango. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce ɗayan ƙaninta ne, autansu, bai daɗe da aure ba. A cinyarta ya mutu, yana ce mata ta kunna fitila, rana kuwa tana tsaka. Ta ce a lokacin ta ji tsoron liman ya ƙi yi masa sallah, uwarsu ta kasa ɗaga kai a gari, shi ya sa ta ce zazzaɓi ne ya kashe shi. Da ta rufa wa mamaci asiri, dole ta nema wa makaho nasa mayafin, sai ta tuna da tsamiya. Ta ce ta yi zaton ƙaryar ba ta cin kowa sai akuya. Ta dubi Mai Suna ta ce ashe ƙaryar tana nan tana jiran jikanta.

Ta miƙo hannu na ba ta sandar. Ta shafa ta tun daga kai har inda hannun Tsoho ya cinye itacen ya yi santsi, sannan ta danƙa wa Mai Suna.

"Ga gadonka. In ka ci gaba da sha, ba sai ka sayi wata ba. Amma ɗan jagora ka nemi naka, ni na gama nawa."

Mai Suna ya durƙushe a wurin da sandar a hannu. Kukan da bai yi ba ranar jana'iza, ranar ya yi shi, da ƙarfi, irin na yara, ba wanda ya ce ya yi shiru. Ni ma na yi, gemun auduga ya jiƙe ya zame ya rataye a gefe ɗaya, haka na tsaya a gaban surukai.

Mai girka da za ta tafi ta ce ita dai abin da ta sani Doguwa ta ci akuya, kuma ba ta amai. Kawu ya same ni a bayan ɗaki ya ce har gobe wasan nan bidi'a ne, kada in ce ya yarda, sannan ya tambaye ni wace rana likita ke ganin mutane. Shi ya ɗauki Mai Suna a motarsa ya kai shi Dutsi. Aka ce hanta ta soma ƙorafi amma ido bai taɓu ba, in ya bari yanzu yana da rabo. Kaka kuwa ba ta yi mini magana ba har aka yi arba'in. Bayan nan ta aiko mini da daddawa ƙulli guda, da saƙon cewa muryar ta yi kama, gemun ne bai yi ba.

Ba zan rantse cewa ƙanina ya bari har abada ba, ni ba a cikinsa nake kwana ba, kuma masu tano suna nan a bayan gari da farantinsu da alimetinsu. Abin da na sani, matarsa ta ce kanumfarin miyarta ya daina ɓacewa, kuma ranar kasuwar da ta wuce ya tsaya a rumfata ya karanta mini lambar wata mota tun tana can bakin tasha, don dai in san yana gani.

Allah ya jiƙan Tsoho, ya yafe masa kwalbar da kofi biyun duka, ya jiƙan wanda suka sha tare, ya ba Kaka ladan jagorar da ta yi. Allah ya buɗe masa idanu a makwancinsa ya ga haske, in kuma ya hango ni daga can ya ga yadda nake, ya yi haƙuri kada ya sake ni. Sandarsa tana ɗakin Mai Suna, a rataye a saman ƙofa, inda sai ya sunkuya ta ƙarƙashinta kullum kafin ya fita ya hau moto. Tun ranar bakwai ba ta sake taɓa ƙasa ba. Allah ya sa gara ta cinye ta a can.